Suna tare amma ba sa tare: abin da waƙoƙin zamani ke raɗa wa ƴaƴanmu a kunne



Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ke shiga kunnen ƴaƴanmu kullum, alhali mafi yawanmu ba mu taɓa tsayawa mun tambayi abin da yake faɗa ba. Ina nufin waƙoƙin zamani na Turai da Amurka, waɗanda ake kira pop, da suka cika wayoyin ƴan kolej da lise tun daga Yamai har Damagaram. Idan iyaye suka tashi kuka da waɗannan waƙoƙi, abin da suka fi ambata shi ne shigar banza ta mawaƙan da rawar rashin kunya. Kukan yana kan hanya. Amma akwai wani jigo da ya fi waɗannan iya ɓuya, kuma a ganina ya fi su daɗewa a zuciyar yaro. Shi ne labarin masoya biyu da ke zaune wuri guda amma zukatansu sun yi hannun riga. Babu faɗa, babu zagi, babu wata ta uku da ta shiga tsakani. Wutar ce kawai ta mutu aka bar toka, aka koma zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gaba.

Ra'ayina shi ne kada mu yi wa waɗannan waƙoƙi kuɗin goro. Akwai waɗanda ke kuka da wannan sanyin zuciya, suna nuna shi a matsayin hasara. Akwai kuma waɗanda ke tinƙaho da shi, suna nuna wa saurayi cewa namijin duniya shi ne wanda ba abin da ke taɓa ransa. Na farkon za su iya zama mana abin koyarwa. Na biyun guba ne da aka cuɗa da zuma. Aikinmu shi ne mu koya wa yara bambance su, sannan mu waiwaya mu dubi gidajenmu, domin yaro ba ya gane waƙa sai ta yi kama da abin da ya taɓa gani.

Jigon nan ba jiya aka fara shi ba. A 1971 wata mawaƙiyar Amurka, Carole King, ta fitar da “It's Too Late”, inda mace ke shaida wa masoyinta cikin natsuwa cewa abin da ke tsakaninsu ya ƙare, ba tare da ta ɗora wa kowa laifi ba. A 1978 Barbra Streisand da Neil Diamond suka rera “You Don't Bring Me Flowers”, waƙar mata da miji da ke lissafa ƙananan abubuwan kulawa da suka daina yi wa juna, har ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Wannan ya nuna cewa kakannin yaran Turawa na yanzu ma sun san ciwon. Abin da ya sauya shi ne yawan waƙoƙin, da kuma hanyar da suke bi su iso kunnen ɗan shekara 14 a Tasawa ko Birnin Ƙonni.

Misalin da na fi so in kawo wa malamai shi ne “Somebody That I Used to Know” ta Gotye, ɗan Ostareliya haifaffen Beljiyam, wadda ya yi tare da Kimbra ƴar Niyu Zilan a 2011, ta kuma ci babbar kyautar Grammy a 2013. A farkon waƙar namiji ne ke ƙorafi. Ya amsa cewa tun suna tare kaɗaici ke damunsa, amma abin da ya fi yi masa zafi shi ne yadda ta shafe shi daga rayuwarta kamar ba ta taɓa saninsa ba. Mai sauraro zai fara tausaya masa. Sai macen ta karɓa, ta faɗi nata: kullum shi ne mai juya magana har ta ga kamar ita ce mai laifi. Nan take labarin ya sauya. Wannan waƙa tana koyar da abin da kowane alƙali da kowane dattijon unguwa ya sani, cewa ba a yanke hukunci da jin baki ɗaya.

Yaranmu da suka fi jin Faransanci sun san Stromae, ɗan Beljiyam wanda aka kashe mahaifinsa a kisan kiyashin Ruwanda na 1994. A kundinsa na 2013 akwai “Carmen”, inda ya kwatanta soyayyar zamani da shuɗin tsuntsun nan na Twitter: a bi ka, a yaba maka, ka tara dubban abokai na gaibu, a ƙarshe ka tsinci kanka kai kaɗai. A cikin kundin nan ne kuma “Papaoutai” take, waƙar yaron da ke neman mahaifin da ba ya nan. An sha cashewa da ita a wuraren biki, kuma da yawa daga masu rawar ba su lura cewa kukan maraici suke takawa ba. Salon waƙoƙin ke nan: kiɗa mai sa rawa, kalmomi masu sa hawaye.

Abin ba zato ba ne kawai. A 2018 wasu masu bincike na jami'ar Kaliforniya da ke Irvine sun duba waƙoƙi sama da 500,000 da aka fitar a Ingila tsakanin 1985 da 2015. Sun gano cewa alamun farin ciki a cikin waƙoƙi suna raguwa, na baƙin ciki suna ƙaruwa, alhali kiɗan yana ƙara zama mai daɗin rawa. Ga kuma yadda kasuwar take tafiya. Kamfani irin su Spotify ba ya ƙirga cewa an saurari waƙa sai an ji ta daƙiƙa 30, don haka dole mawaƙi ya cafke zuciya tun daga farko. A TikTok kuwa, gutsuren waƙa ake yankowa a ɗora a kan bidiyo. Yaro zai ji amshi sau ɗari bai taɓa jin baitin da ke bayyana shi ba. A da ana jin waƙa ne a rediyo a tsakar gida ko a fada wajen shan shayi, kowa na ji, kowa na iya tofa albarkacin bakinsa. Yanzu waƙa tana shiga kunne ɗaya, cikin dare, ƙarƙashin gidan sauro, ba mai cewa uffan.

A nan ne kashi na biyu ke samun ƙofa. A ƙarshen 2019 The Weeknd, ɗan Kanada wanda iyayensa ƴan Habasha ne, ya fitar da “Heartless”, ta kai matsayi na ɗaya a Amurka. Sunanta kaɗai ya isa: marar zuciya. Mawaƙin yana baje kolin kuɗi, mata da shaye-shaye, yana shelar cewa shi ba ya ɗaurewa da kowa. Gaskiya ne a cikin waƙar ya amsa cewa ya so ya gyaru ya kasa, amma wannan ɓangaren ba shi ake yankowa a ɗora a kan hoton saurayi mai baƙin tabarau bisa babur ba. Abin da ke isowa ga yaronmu shi ne tinƙahon. Darasin da yake ɗauka kuwa shi ne: wanda ya fara nuna ya damu, shi ne ya faɗi.

Na taɓa tambayar ɗalibaina na aji guda abin da mutum zai yi idan wanda yake so ya ga saƙonsa bai amsa ba. Tun da WhatsApp ya kawo alamar nan ta shuɗi biyu a 2014, kowa na iya sanin an karanta saƙonsa an yi banza da shi. Amsar da ta fi yawa, daga maza har mata, ita ce a rufe shi kafin ya rufe ka. Ƙalilan ne suka ce a kira shi a ji ko lafiya. Waɗannan yara ba mugaye ba ne. Tsoron wulakanci ne ya sa suka ɗauki sanyin zuciya a matsayin garkuwa. Amma yarinyar da ta saba da cewa maganin ɓacin rai shi ne danna maɓalli, da saurayin da ya saba da cewa tambayar “me ke damunki?” zubar da girma ne, su ne nan da shekara 5 ko 10 za mu ɗaura wa aure mu ce su zauna lafiya.

Wani zai ce ai mu muna da namu waƙoƙin. Haka ne, kuma yana da kyau mu lura da inda suka bambanta. Waƙoƙin soyayya na Hausa da ake ji a Maraɗi da Tawa kamar yadda ake jin su a Kano, irin na Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker, sun fi karkata ga bege, yabon masoyi, zafin rabuwa da kukan yaudara. Kowa ya tuna yadda “Jaruma” ta karaɗe gidaje a 2020 lokacin kullen korona. A cikin irin waɗannan waƙoƙi zuciya kullum a tafashe take, ko dai ana mutuwar so ko kuma an ci amana. Abin da ba kasafai suke taɓowa ba shi ne shekara ta bakwai ta aure, lokacin da babu wanda ya ci amanar wani amma hira ta ƙare. Iyayenmu mata kuwa sun san wurin. A bakin turmi da dutsen niƙa suke amayar da abin da ke ransu cikin habaici, kuma marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta fito da irin wannan murya fili da kiɗan ƙwarya, tana taɓo kishi da zaman gidan miji. Yau injin niƙa ya karɓe aikin dutse, waƙar niƙa ta tafi da shi. Yarinyar da ke jin wani abu a ranta da ba ta san sunansa ba, sai ta tarar wata Baturiya ta riga ta raɗa masa suna.

A nan akwai wani bambanci da nake ganin mu manya ne kaɗai za mu iya fayyace wa yara. Shiru iri biyu ne a gidan Bahaushe. Akwai shirun kunya da kara. Mace ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce maigida ko malam. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta. Miji ba ya zuba kalaman so a gaban jama'a. Amma a ƙarƙashin wannan shirun akwai ɗumi: ta san yadda yake son furarsa, ya san daga tafiyarta cewa yau ba ta jin daɗi, ya dawo daga kasuwa da ƙullin tsire ya ajiye bai ce komai ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Akwai kuma shirun gaba da ko-in-kula, inda maigida ke shigowa ya ajiye kuɗin cefane, ya ci tuwo, ya fice majalisa har tsakar dare, ita kuma ta rungumi wayarta ko fim. Daga waje su biyun kamarsu ɗaya. Yaron da ke cikin gidan kuwa ya san bambancin, ko da ba zai iya faɗa ba. Haɗarin shi ne mu riƙa fakewa da na farko muna aikata na biyu, mu kira sakaci da sunan al'ada.

Kuma kada mu manta da yanayin da aurenmu yake ciki. Alƙaluman UNICEF sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Da yawa suna shiga ɗaki ba su taɓa yin doguwar hira da mijin ba. Ga ci-rani: da zarar an gama girbi, samari da magidanta sun kama hanyar Libiya, Aljeriya, Abijan ko Najeriya, wani ya yi watanni, wani shekaru. Neman halali ne, ba abin zargi ba. Sai dai idan duk abin da ke haɗa miji da matarsa shi ne kiran minti biyu na “na turo, ki je ki karɓa”, to ranar da ya dawo baƙi biyu ne za su haɗu a ɗaki guda. Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ko na limami ranar sauraron ƙararrakin aure ya san cewa bayan maganar ci da sha da sutura, akwai kukan da mata ke yawan yi da ƙaramar murya: ba ya kula ni.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna nauyin wannan kuka. John Gottman na jami'ar Washington a Amurka ya shafe shekaru yana nazarin yadda ma'aurata ke magana da juna, ya fitar da halaye huɗu da suka fi nuna cewa aure na hanyar mutuwa: yawan suka, raini, kare kai a kowace magana, da yin gum, wato mutum ya gina katanga ya ƙi amsawa. A shekarun 1970 kuma Edward Tronick ya yi wani gwaji da jarirai. Uwa na wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuskarta na ɗan lokaci, ba murmushi ba motsi. Jaririn zai yi ta ƙoƙarin jawo hankalinta, ya yi dariya, ya miƙa hannu, in ya ga ba amsa sai ya fashe da kuka ko ya kawar da kai. Tun muna cikin zanen goyo muke buƙatar fuskar da ke amsa mana, kuma girma ba ya kashe wannan buƙata. Mawaƙan pop sun gano haka, suna sayar da shi. Mu da muka haifi yaran bai kamata a riga mu gane shi ba.

Na san akwai iyayen da za su ce su kiɗa ma gaba ɗaya ba su yarda da shi a gidansu ba. Wannan haƙƙinsu ne, kuma ban zo in yi jayayya da su ba. Abin da zan ce kawai shi ne, hana waya a gida ba ya hana ta a hanyar lakwal, a wajen talla ko a kan kabu-kabu. Ko da kuwa an yi nasarar toshe kunnen yaro, tambayar da waƙar ta taso da ita tana nan: yaya ake yi idan zuciya ta fara nisa? Malamanmu suna karantar da cewa an gina aure a kan natsuwa, ƙauna da jinƙai, kuma bai halatta a ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana 3 ba. To ina ga wanda kuke kwana ɗaki ɗaya? Muna da amsar a hannunmu. Matsalar ita ce ba ma faɗa wa yara ita sai daren kai amarya, lokacin da ake cusa mata nasiha guda ɗaya, wato haƙuri, shi kuwa ango sau da yawa ba mai zaunar da shi.

Ga abin da nake ba malamai shawara, musamman masu koyar da Faransanci da Ingilishi. Ba sai an kunna kiɗa a aji ba. A zaɓi waƙar da kalmominta ba su da batsa, wadda yaran suka riga suka sani, a sa su kawo ma'anarta da Hausa ko da Zabarmanci. Daga nan a yi mata tambayoyin da muke yi wa kowane rubutu. Wa ke magana, kuma da wa? Me ya ɓace a tsakaninsu? Mai waƙar yana baƙin ciki da abin ne ko alfahari yake yi? Me ɗaya ɓangaren zai ce da an ba shi dama? Sannan a ba su aikin gida: kowa ya rubuta wasiƙar da ɗayan masoyan ya kamata ya aika wata shida kafin abin ya lalace. Yaro zai koyi nahawu da sababbin kalmomi, ya kuma koyi furta damuwa ba tare da zagi ko guduwa ba. Mushe ko madam da suka gwada haka za su ji maganganu daga bakin ɗaliban da ba su taɓa ɗaga hannu ba.

Iyaye kuma, namu ya fi sauƙi a faɗa, ya fi wuya a yi. Idan ka ga ɗiyarka tana maimaita waƙa guda kwana da kwanaki, kafin ka ƙwace wayar ka ce ta fassara maka. Kada ka yi mata dariya, kada ka yi mata tsawa, ka saurara. Wataƙila ƙawa ce ta juya mata baya, wataƙila wani yaro ne, wataƙila kuma gidan ne take ba ka labari. Sannan mu bar yara su ga alamun kulawa a tsakaninmu daidai gwargwadon kunyarmu. Maigida ya yi wa uwargida sannu da aiki a gabansu. A ajiye wayoyi lokacin cin tuwon dare. Wanda ke ci-rani, in ya kira, ya tambayi lafiyarta da abin da ke ranta kafin a shiga lissafin kuɗi. Idan an saɓa, tunda harshe da haƙori ma suna saɓawa, yara su ga an shirya, kada su ga an yi mako ana aika su da saƙo tsakanin ɗaki da zaure. Uba kuma ya zaunar da ɗansa namiji ya gaya masa cewa tambayar mace abin da ke damunta ba ya rage mazantaka.

Ba za mu iya hana mawaƙan Landan, Faris ko Toronto rera abin da ke damunsu ba, kuma ba za mu iya tsayawa gadi a bakin kunnen kowane yaro ba. Abin da ke hannunmu shi ne gidan da yaron ke komawa bayan ya cire abin sauraro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ya tashi ya ga iyayensa suna amsa wa juna, waƙar marar zuciya za ta zame masa labarin wasu mutane masu ban tausayi. Idan kuwa ya tashi cikin shirun gaba, zai ɗauka mawaƙin gaskiya ya faɗa, haka duniya take, kuma haka zai je ya yi a nasa gidan.

Ina jiran ra'ayoyinku, musamman iyaye mata da malaman da suka daɗe a aji. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sanya ƙauna da tausayi a gidajenmu.